Zafin Injin Dizal Mai Turbo a Motocin Dakon Amfanin Gona

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a ranar kasuwa, da wuya ya rasa ganin motar a-kori-kura tsaye a gefen titi, tururi na tashi daga gabanta, yaron mota kuma ya shiga gari neman ruwa. Abin da akan ce shi ne mota ta ɗauki zafi. Maganin da wasu makanikai suka saba yi kuwa shi ne su cire tamostat su jefar. Sau da yawa wannan magani ya fi cutar illa.

Injin dizal ba ya iya mayar da dukkan ƙarfin da ke cikin mai ya zama tafiya. Kimanin sulusi ko fiye da haka kaɗan shi ke juya ƙafafu. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, inda iska ke ɗauke shi. Turbo, wanda injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, yana amfani da hayaƙin salansa ya juya wata 'yar fanka fiye da sau 100,000 a minti, ta cusa iska mai yawa cikin injin. Iska mai yawa tana ƙone mai mai yawa, don haka ƙaramin injin irin na Toyota Hilux ko Mitsubishi L200 ke iya aikin babba. Amma zafinsa ma na babba ne.

A nan ya kamata ɗalibi ya tuna da wata ƙa'ida: saurin fitar zafi ya danganta da ratar da ke tsakanin abu mai zafi da abin da ke sanyaya shi. A ce ruwan lagireto yana kan digiri 90. Da safiyar hunturu, iska tana kan 25, rata 65 ke nan. A watan Afrilu da tsakar rana, in iska ta kai 40, rata ta koma 50. Wato lagireto ya yi asarar kusan rubu'in ƙarfinsa, alhali ba abin da ya lalace a jikinsa. To, a haɗa da lodi. Mafi yawan waɗannan motoci an ƙera su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, buhu goma na masara ke nan, amma wanda ya san kasuwar hatsi ta Dandume ya san ba a nan ake tsayawa ba. Ga kuma hanyoyin ƙauye da ke tilasta tafiya da ƙaramar giya, injin na gurnani, iskar da ke bugun gaban mota kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Sannan ƙaiƙayi da ƙura da zaren auduga, wadda yankin Funtuwa ya yi suna da ita, sukan toshe 'yan ƙofofin lagireto tun daga kaka.

Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa cikin injin har ya kai kimanin digiri 82, sa'an nan ya buɗe masa hanyar lagireto. A injuna da yawa, yayin da ya buɗe wannan hanya yakan rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin injin kai tsaye. In an cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa bai ko leƙa lagireto ba. Da sanyin safiya kuma injin ba zai ɗumama da wuri ba, ya sha mai, ya cinye kansa.

Gyaran da ke da amfani yakan fara da mafi arha. Murfin lagireto yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa tun wajen digiri 98, domin Funtuwa tana kan tudu. Ruwan rijiya kuma yakan bar ɓamɓaroki a cikin bututu, irin wanda ake gani a gindin tsohuwar buta, ga tsatsa. Ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, wannan ne babban amfaninsa a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba. Sai kwandon roba da ke kewaye da fanka, wanda akan yar bayan gyara don ana ganin ado ne. In babu shi, fanka tana jawo iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto.

Bayan waɗannan ne ake maganar sauya lagireto da mai kauri, ko ƙara fankar lantarki don tafiyar hawainiya. Raga a gaban mota tana tare ƙaiƙayi, amma in idonta ya cika ƙanƙanta ita ma iskar za ta tare. A motocin da aka sa intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, a gaban lagireto, datti yakan maƙale a tsakaninsu inda ido ba ya gani, sai an kwance an wanke daga baya zuwa gaba. Idan kuma an iso Malumfashi da lodi, ya kyautu a bar injin yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin baƙin mai ya kwashe zafin turbo kada ya ƙone a cikinsa.