Yadda Ake Cire Mazaunin Injin Mota da Sauya Shi a Gida

Ɗan'uwa manomi, idan kana da akori-kura da kake ɗaukar taki zuwa gona da ita, kake kuma fitar da amfani zuwa kasuwa, akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin injinta da ya kamata ka duba kafin kaka ta yi. Shi ne mazaunin inji, wanda makanikai suke kira injin sit. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ɓarnar da yake jawowa, kuma mutum mai natsuwa zai iya sauya shi a ƙofar gidansa cikin yini guda.

Mene ne aikinsa?

Mazaunin inji dunƙulen roba ne mai kauri da aka manne tsakanin ƙarfe biyu. Ƙarfe ɗaya yana ɗaure a jikin inji, ɗayan a jikin shasi. Robar ce take ɗauke da nauyin inji, take shanye girgizarsa, take kuma hana shi murɗewa sa'ad da aka taka totur. A motocin da ƙafafun baya ke turawa, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna da kuma Toyota Hilux, akwai mazauni biyu, dama da hagu, sai na uku a ƙarƙashin akwatin giya. Ƙananan motoci masu ja da ƙafafun gaba sukan zo da uku ko huɗu, wasu ma da ruwa a cikin robarsu. Yawancin taraktocin noma ba sa cikin wannan bayani, domin injinsu a ɗaure yake kai tsaye da akwatin giya, shi kansa ɓangare ne na gangar jikin taraktar.

Abubuwa uku ne suka fi kashe wannan roba: zafi, da gargadar hanya tare da lodi fiye da kima, da baƙin mai. Na ukun ne aka fi yi wa sakaci. Man da ke yoyo daga inji yana jiƙa roba har ta kumbura ta yi laushi, daga nan ta rabu da ƙarfenta. Wanda ya sa sabon mazauni bai toshe yoyon ba, kuɗinsa ya zubar.

Alamomin lalacewa

Za ka ji sitiyari da kujera suna karkarwa alhali mota tana tsaye tana sulo. Za ka ji wani bugu daga gaba duk lokacin da ka saki kuloci ko ka sauya giya. Sandar giya takan riƙa rawa fiye da yadda ka saba. Idan abin ya yi nisa, inji yakan zauna ƙasa ko ya karkace, fanka ta soma goga a jikin murfinta ko ta huda lagireto, tiyon ruwa ya tsage, salansa ta tsinke daga wuyanta. Na taɓa kwana a hanya tare da abokan aiki muna dawowa daga duba gonakin gwaji saboda irin wannan. Robar da ba ta fi dunƙulen hannu ba ta sa fanka ta yaga lagireto, iri da muka ɗauko ya sha raɓa. Da tumatir ne a bayan motar, da sai dai a zubar.

Lamarin bai tsaya ga asarar dukiya ba. A shekarar 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet fiye da miliyan 6 domin gyara, saboda idan mazauni ya rabu, inji yakan ɗaga ya ja sandar totur, mota ta ƙara gudu ba da nufin direba ba.

Domin ka tabbatar, buɗe murfin inji, ka haska fitila ka duba ko robar ta tsattsage, ko ta lotse, ko ta rabu da ƙarfe. Sa'an nan ka sa wani direba ya ja burkin hannu, ya taka na ƙafa, ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci kaɗan, kai kuwa ka tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. Inji mai lafiya ɗan motsi kawai zai yi. Idan ya yi tsalle ya dawo da ƙara, mazauni ya mutu. A motocin da ƙafafun baya ke turawa, na ɓangaren direba ne ya fi saurin tsinkewa, domin nan ne inji yake ɗagawa yayin tashi.

Shiri

Ka je kasuwa da lambar shasi ko da tsohon mazaunin idan ka riga ka cire, domin na dama da na hagu ba kullum suke zama iri ɗaya ba. Shawarata ita ce ka sayi biyun tare, kuma sababbi. Na hannu da ake shigowa da su robarsu ta riga ta tsufa ko da ta yi kyau a ido. Haka nan ban yarda da dabarar yanka tsohuwar taya a cusa ba, balle a yi wa wurin walda. Walda takan kawar da bugun, amma girgizar duka sai ta koma jikin shasi ta tsaga shi.

Kana bukatar jak mai mai, da sifanu, da guntun katako mai faɗi da kauri, da makarai na ƙarfe idan sai an ɗaga motar, da waigi. Tun daren jiya ka jiƙa notukan da man kwance tsatsa ko kananzir. Ka ajiye motar a kan daɓe mai ƙarfi wanda ba gangare, ka sauke duk kayan da ke baya, ka bar inji ya huce, ka ja burkin hannu, ka sa waigi gaba da bayan taya, ka cire wayar batir mai alamar ragi. Bulon siminti ba makari ba ne. Yakan farfashe ba gargaɗi.

Cirewa

A nan ne hatsarin yake, don haka ka karanta da kyau. Injin akori-kura tare da akwatin giyarsa yakan kai kilo 200 ko fiye, wato buhu biyu na masara. Da zarar ka kwance noti, babu abin da ke riƙe da wannan nauyi sai abin da kai ka tanada.

Ka sa jak a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, katako a tsakaninsu, ta yadda nauyin zai bazu zuwa gefunan kaskon, ba a kan notin zubar da mai ba. Kada kan jak ya taɓa kasko kai tsaye. Na ƙarfe yakan loɓa ya toshe bakin bututun da ke zuƙo mai, inji ya buga bayan 'yan kwanaki ba ka san dalili ba. Na alminiyam kuwa fashewa yake yi. Ka ɗaga a hankali har ka ga jak ya karɓi nauyi, ka tsaya.

Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Kwance notin da ya haɗa mazauni da inji, da waɗanda suka haɗa shi da shasi. Na ɗaya gefen ka sassauta shi kawai, kada ka cire. Yanzu ka ƙara ɗagawa kaɗan kaɗan, santimita 2 zuwa 4 yawanci sun isa, idonka a kan fanka, da tiyoyin lagireto, da wayoyi, da bayan inji inda yake kusa da jikin mota. Idan ka ga motar kanta ta fara tashi, akwai notin da ka manta.

Kafin ka miƙa hannu, ka cusa guntun katako tsakanin inji da ƙarfen shasi da ke ƙarƙashinsa. Jak mai mai yakan sauka da kansa a hankali, wani lokaci kuma gaba ɗaya. Ko da katakon, kada yatsa ya shiga tsakanin mazauni da inji. Ka zaro shi ta gefe. Yara kuma a nisanta su daga wurin.

Sakawa

Ka jera sabo da tsoho ka gwada ramukansu. Za ka ga sabon ya ɗan fi tsawo, wannan daidai ne, tsohon ne ya lotse. Ka goge wurin zamansa daga mai da ƙasa. Wasu mazaunan suna da ɗan ƙaramin haƙori da ke shiga rami a shasi, wasu da kibiya mai nuna gaba; ka bi su. Ka ɗaura kowane noti da hannu ya shiga zare uku ko huɗu, amma kada ka tsananta ko ɗaya. Idan rami bai hau kan rami ba, ka motsa jak ko ka ɗan tura inji da ƙarfe, ba a tilasta noti da sifana.

Bayan ka gama gefe na biyu, ka cire katakon kariya, ka sauke inji a hankali har nauyinsa duka ya zauna a kan sababbin robobin. Sai a lokacin za ka ɗaure. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: a ɗaure tamau tun inji yana rataye, roba ta zauna a murɗe, girgiza ta ƙi tafiya, bayan 'yan watanni ta tsage a ce kayan jabu ne. Ƙarfin ɗaurin yana cikin littafin motarka, kuma ya bambanta daga mota zuwa mota. Idan kana iya aron sifana mai awo, ka yi amfani da ita.

Mazaunin akwatin giya ma haka ake yi masa, sai dai jak da katako suna komawa ƙarƙashin akwatin, kuma tilas motar ta kasance a kan makaran ƙarfe tun da shiga ƙasa za ka yi. Idan kuwa noti ya karye a cikin jikin inji, ko ka tarar ƙarfen shasi ya tsage, ka dakata ka kira makanike.

Ka mayar da wayar batir, ka juya fanka da hannu ka ga ba ta taɓa kome, sa'an nan ka tayar da mota ka saurara. Ka yi ɗan zagaye ba lodi. Bayan mako guda na aiki, ka sake bin notukan da sifana, ka kuma leƙa ko mai ya soma ɗiga a kan sabuwar robar.