MACIJI DA SANYI DA ZAFI

Duk manomin ƙasar Sarkin Yamma ya san ƙadangare. Da safe yakan hau katanga ya baje a rana. In rana ta take, sai ya koma inuwa. Akwai dalili.

Jikin mutum yana yin zafinsa da kansa, daga abincin da ya ci. In likita ya auna mai lafiya, zai sami digiri 37 ko kusa da haka, da ɗari da bazara. Haka akuya da saniya da kaza, zafin jikinsu ba ya bin na gari.

Ƙadangare ba haka yake ba. Shi da maciji da damo da guza da kunkuru da kwaɗo, jikinsu yana bin wurin da suke. In wurin ya yi sanyi, su yi sanyi, su kasa kuzari. In ya yi ɗumi, su farfaɗo. In zafi ya yi yawa kuma babu mafaka, sai su mutu. Su ake kira masu jinin sanyi, ko da yake jinin wanda ya sha rana da ɗumi yake. Tun da ba su ƙona abinci don ɗuma jiki, kaɗan ya ishe su. Maciji yakan yi makonni bai ci kome ba.

Wanda ya gane wannan ya san inda maciji yake kowane lokaci.

Da ɗari, watan Disamba da Janairu, maciji ɗumi yake nema. Yakan shiga rami, ko tarin kara, ko itacen wuta, ko ƙarƙashin rumbu. Mace mai ɗibar kara ta fara buga tarin da sanda kafin ta sa hannu.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40. Lokacin nan sanyi yake nema: gindin randa, bakin rijiya, garaken da ake ban ruwa a fadamar Gulbin Maraɗi. Da dare yake fita. Mai tafiya da dare ya riƙe fitila, ya sa takalmi. Mai kwana a waje ya ɗaura gidan sauro, ya cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.

Da damina gari ba sanyi, ga ciyawa, ga kwaɗi da ɓeraye. Maciji yana da kuzari, manomi kuma yana gona. Shi ya sa sara ta fi yawa da damina da kaka. Kububuwa ƴar ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, amma ita ta fi kashe mutane a Afirka ta Yamma. Kasa kuwa kwanciya take yi a hanya, ba ta gudu.

Ko an kashe maciji, kada yara su yi wasa da kansa. Yankakken kai yana iya sara bayan an jima.

In an sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da munduwa. A kwantar da shi, kada ya yi tafiya da ƙafa. A ɗauke shi da amalanke ko mota zuwa likita mafi kusa, ko babban asibitin Maraɗi. Allurar kashe dafi ita ce magani, jinkiri kuwa shi ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da sarar maciji.

A share kewayen gida, a nisanta tarin kara da ɗaki, a toshe ramukan ɓera. Wanda ya karanta wannan darasi ya gaya wa wanda bai zo aji ba.