Yankan tiyon ƙarfe da haɗa shi kafin walda

Ku dubi ƙafafun teburin da kuke rubutu a kansa. Ku tuna da gadon ƙarfe, da amalanken jaki mai kai gero kasuwa. Da yawansu da tiyon ƙarfe aka yi su. Mai walda ne ya haɗa su, wanda wasu ke ce wa mai sudur. Yara kan tsaya kallon tartsatsin wuta, suna zaton aikin ke nan. A'a. Wutar ta minti kaɗan ce. Abin da ke cin lokaci shi ne awo, da yanka, da gyaran bakin tiyo har ya zauna da ɗan'uwansa. In bakin bai zauna ba, walda takan rufe ɓarakar daga waje kawai. Ranar da aka yi wa amalanken lodi, nan ne zai karye, ko da a tsakiyar daji.

Tiyo kewayayye ne, ba a iya ja masa layi kamar yadda ake ja a allo. Ga dabarar. A samo takarda mai miƙaƙƙen gefe, a naɗe tiyon da ita har gefen ya hau kan gefen daidai. Sai a bi gefen da alli. To, wace irin takarda za ta isa? Kun san lissafin: kewaye shi ne faɗin baki sau 3,14. Tiyo mai faɗin santimetir 5 kewayensa santimetir 15,7 ne. Dole takardar ta fi haka tsawo.

Da zarton ƙarfe ake yanka. Haƙoransa gaba suke kallo, saboda haka turawa ke ci, ba jawowa ba. Zarto yana cinye wajen milimetir guda na ƙarfen. Don haka ba a yanka kan layin, sai gefensa, ta wajen guntun da za a yar.

Wani lokaci ana son tiyo biyu su yi kwana, kamar kusurwar gado. Kusurwar digiri 90 ce. Sai a raba ta biyu, a yanke bakin kowane tiyo a karkace, digiri 45. In babu ma'auni, a ninke takarda mai gefe huɗu daidai daga kusurwa zuwa kusurwa: ga digiri 45 nan.

Haɗin da ya fi wuya shi ne mai siffar T, inda bakin tiyo zai zauna a bayan wani. Bayan tiyo a lanƙwashe yake. Miƙaƙƙen baki wuri biyu kaɗai zai taɓa shi, sauran duk rami. Dole a ƙwaƙule bakin ya koma kamar bakin kifi. Ana rage shi da zarto, a goge da magagari, a gwada, a sake gogewa. Mai walda yakan ɗaga haɗin ya duba ta wajen haske. Duk inda haske ya ratsa da yawa, akwai sauran aiki. A nan ake gane gwani. Mai gaggawa yakan cusa guntun ƙusa cikin ramin ya narka a kai. Ido ba ya gani, amma kaya za su tona.

In tiyo biyu za su haɗu baki da baki, kuma ƙarfen mai kauri ne, ya wuce milimetir 3 ko 4, sai a goge kowane baki a jirkice, wajen digiri 30. In an kusanta su, sai su yi kwari kamar harafin V. A bar tazarar milimetir 2 tsakaninsu, don narkakken ƙarfe ya sauka har ciki. A kankare tsatsa da fenti da mai. Tiyon ruwa mai farin jiki kuwa, tutiya aka shafa masa. Hayaƙinta yana sa zazzaɓi, sai an goge ta daga bakin, kuma a yi aikin a fili.

Ba a zagaye haɗin da wuta gaba ɗaya. Ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, in ya huce yana tsukewa, sai ya janye tiyon gefe guda. Shi ya sa ake fara ɗiga walda wuri uku ko huɗu, a sake awo. In gado ne, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, gadon bai karkace ba.

Yara, in kun je kallo, ku juya baya ga wutar. Haskenta yana ƙona ido, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa rairayi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi.

Aiki

1. Tiyo yana da faɗin santimetir 8. Nawa ne kewayensa?
2. Don me ake fara ɗiga walda wuri uku ko huɗu?
3. Ku samo karan dawa biyu masu kauri. Ku gyara bakin ɗaya da wuƙa har ya zauna a bayan ɗayan. Ku duba ta wajen haske, ku kawo wa malam.