Darasi: nauyin da taya ke aza ma gadar hanyar ruwa

Ƴan uwa manoman rani, ku saurara. A fadamun da aka gyara, irin na Jiratawa, Galmi da Ƙonni, akwai ƙananan gadoji na siminti bisa hanyoyin ruwa. Wasu don amalanke aka yi su. Lokacin kwasar albasa sai kamyo ya hau, gada ta tsage, ruwa ya tsaya ma kowa.

Ku duba taya da kyau. Wuri kaɗan ne ke taɓa ƙasa, kuma duk nauyin nan yake sauka. Kuna iya auna shi da kanku.

A tsaida mota da kayanta bisa daɓe mai ƙarfi. A tura takarda ɗaya gaban taya, ɗaya bayanta, har su tokare. A auna tsakaninsu da santimeta: tsawo ke nan. A yi haka a gefe da gefe: faɗi ke nan. Tsawo sau faɗi shi ne filin taya.

Sannan a sa mai gyaran taya ya auna iskar ciki. Ma'auninta bar ne. Bar 1 kamar kilo 1 ne bisa ɗan gida mai santimeta 1 kowane gefe. Fili sau iska shi ke ba da nauyi.

Misali: tayar kamyo, tsawo 20, faɗi 20. Fili 400 ke nan. Iska bar 7. To, 400 sau 7 = kilo 2.800 bisa wurin da bai wuce taƙi ɗaya kowane gefe ba. Tayar amalanke kuwa, fili 250, iska bar 2: kilo 500 kawai. Kamyo ya ninka ta fiye da sau 5, ga shi tayoyin baya bibbiyu suke, dab da juna.

Direba zai ce muku a rage iska. Cikin rairayi dabara ce mai kyau, fili na ƙaruwa, mota ba ta kafewa. Amma bisa gada ba ta da amfani: kilo 2.800 suna nan, ko ɗaya bai ragu ba.

Wannan lissafi kusa da kusa ne, don haka kullum ku ƙara bisa abin da kuka samu. Ku rubuta shi, ku kai ma ma'aikacin gine-ginen karkara, shi zai faɗi kaurin siminti da yawan ƙarfen da ya kamata. Kafin nan, kamyo ya tsaya bakin hanya, amalanke ta kai mishi buhuna.