Darasi na Bakwai: Kiwon Kifin Bakin-Wuta a Akwatin Gilashi

Asalin wannan kifi kogunan Amurka ta Tsakiya ne, wato kudancin Meziko da Beliz da Gwatamala. Masana suna kiran sa Thorichthys meeki. A nan mun raɗa masa suna bakin-wuta bisa ma'anar sunansa na Ingilishi, ko da yake ja ɗin a maƙogwaro da ƙirji yake. Idan namiji ya fusata sai ya buɗe murafen numfashinsa, ja ya bayyana, abokin gaba ya ja da baya.

Danginsa ɗaya da karfasa, amma kada sunan ya ruɗi ɗalibi. Macen karfasar Nilu a cikin baki take renon ƙwai. Bakin-wuta kuwa a kan dutse mai faɗi yake zuba nasa.

Mai son ya hayayyafa shi zai tanadi akwati mai cin kamar lita 110, da yashi mai laushi, da dutse, da ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 28 na Salshiyas. Ya fi kyau a zuba ƙanana shida su tashi tare, har biyu su zaɓi juna, sannan a kwashe sauran. Haɗin dole yakan ƙare da faɗa.

Mace takan zuba ƙwai 100 zuwa 500, namiji ya bi ya barbare su. Tana kaɗa musu ruwa da fikafikanta, tana tsince waɗanda suka yi fari, wato suka lalace, shi kuma yana gadi. Cikin kwana uku zuwa huɗu sai su ƙyanƙyashe, iyayen su ɗauke su da baki zuwa ramukan da suka haƙa a yashi. A nan ne masu kiwo da yawa suke yin asara. Yawan leƙe da taɓa gilashi kan firgita iyayen su cinye 'ya'yan, kuma sababbin iyaye sukan yi hakan a karon farko ko ba a dame su ba. Ban ga hikimar raba su saboda wannan ba. A ba su dama ta biyu.

Kada a ba 'ya'yan abinci sai sun fara iyo, bayan kwana huɗu ko biyar, domin kafin nan jakar gwaiduwar da ke cikinsu ce take ciyar da su. Daga nan a riƙa ba su jariran jatan lande na ruwan gishiri kaɗan-kaɗan, sau uku a rana. A toshe bakin matacin ruwa da soso, don kada ya zuƙe su.

Aiki: Tsamo harɗaɗɗun sunaye biyu daga nassin, ka bayyana yadda aka gina su.