Darasi ga masu shirin tafiya ƙasashen sanyi: bututun ruwan gida

Wannan darasi domin iyalan da aka amince a sake tsugunar da su ne a Kanada ko arewacin Amurka, amma kowa zai amfana da shi. Muna tunatarwa tun farko: Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kan wannan shiri. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku, macuci ne, ku kawo ƙararsa ofishin kariya.

A nan sansani mun saba da layin famfo da jarka. A can ruwa yana cikin gida, yana bin bututun da ke cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Sauƙi ne babba, amma yana da nasa hatsari.

Me ya sa bututu ke fashewa?

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. A birnin Winifeg na Kanada, cikin watan Janairu, sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, har ya wuce. Ruwa kuwa daga sifiri yake daskarewa, kuma idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar sai ta toshe bututun, ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfo ya rasa hanya, ya matsa har bututun ya tsage. Sau da yawa ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya malale ɗaki, ya jiƙa katifu da tufafi da takardu. Saboda haka ku riƙa ajiye takardunku na shaida cikin leda, a wuri mai tudu.

Tsohon bututu iri uku

Sabon zuwa yakan sami haya a tsohon gida ne, domin ya fi araha. Ga abin da ake tararwa a irin waɗannan gidaje.

Na farko, bututun ƙarfe, wanda aka fi sawa kafin 1960. Daga ciki yake yin tsatsa. Alamarsa ita ce ruwa ya rage ƙarfi, ko ya fito ja-ja da safe. Maganaɗisu yana kama shi.

Na biyu, bututun dalma. Kanada ta yarda da amfani da shi har 1975, Amurka kuma ta hana shi a 1986, amma yana nan a tsofaffin unguwanni. Launinsa toka-toka ne, yana da taushi, idan an ɗan karce shi da makulli sai ya yi ƙyalli, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma, tun da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Wadda ke cikin ruwan famfo kaɗan ce idan aka kwatanta, amma tana taruwa a jiki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da ɗan da ke ciki. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita.

Na uku, wani bututun roba mai ruwan toka da aka yi yayinsa daga 1978 zuwa 1995. Yakan tsage ba tare da wata alama ba.

Yanzu ana maye gurbinsu da jan ƙarfe, ko wata roba mai lanƙwasa da ake kira PEX, wadda ta fi jure daskarewa.

Aikin wa ne canjawa?

Idan haya kuke, gyara da canjin bututu nauyin mai gida ne. Naku shi ne sanarwa da wuri. Kun ga yoyo, ko tabo a silin, ko bango yana laima, ko ruwa ya canja launi? Ku ɗauki hoto, ku aika wa mai gida saƙo a rubuce, ku ajiye saƙon. Idan ya yi biris, ku gaya wa ma'aikacin da ke kula da tsugunar da ku. Kada kunya ko tsoro su hana ku. Neman gyara haƙƙin ɗan haya ne, kuma ba ya taɓa takardar zamanku. Kada ku daina biyan haya don fushi kafin ku nemi shawara, kada kuma ku yanke bututu da kanku ko ku kira wani ɗan uwa mai ɗan sani. Aikin mai gyaran famfo ne da ke da lasisi.

Ranar da za a canja, za a ɗauke ruwa na wasu awanni, wataƙila a fasa bango. Ku tara ruwa tun dare. Bayan an gama, ku buɗe famfunan ruwan sanyi su zuba na ɗan lokaci kafin ku sha.

Abin da ke hannunku

1. Ranar da kuka shiga gida, ku ce a nuna muku babban makullin ruwa. Uwargida da manyan yara duk su san wurinsa. Idan bututu ya fashe, shi ake fara rufewa.

2. Kada ku kashe hita don rage kuɗin wuta, ko da za ku yi tafiya. Ku bar ɗumin gida bai gaza digiri 13 ba. Idan sakacinku ya jawo fashewa, ana iya ɗora muku kuɗin ɓarnar, har da ta maƙwabcin da ke ƙasanku. Gudun kashe kaɗan kan jawo asarar mai yawa.

3. Kada ku bar taga a buɗe kusa da bututu. Daren da sanyi ya tsananta, ku buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ku bar famfo yana ɗiga.

4. Idan kun buɗe famfo ruwa bai zo ba, ku bar shi a buɗe, ku kira mai gida, ku naɗe bututun da tawul mai ɗumi. Ban da wuta, ban da kyandir. Gawayi kuwa kada ya shiga ɗaki ko kusa, domin iskarsa tana kisa a rufaffen gida ba tare da wari ba.

5. A tsohon gida, ruwan sanyi kawai za ku ɗiba don sha da girki da haɗa madarar jariri. Da safe ku bar shi ya zuba na 'yan mintuna tukuna. Ku kuma tambayi hukumar ruwa ta garin yadda za a gwada muku ruwan.

Mai tambaya ba ya ɓata. Wanda ke da tambaya ya zo ofishin kariya, akwai tafinta. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya sa a sauka lafiya.