Batir na Biyu a Tsohuwar Akori-Kura: Yadda Za a Raba Shi da na Tayar da Inji

A ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, aikin akori-kura ya wuce ɗaukar masara da rake. Ita ke ɗauke da lasifikar mai talla ranar kasuwa, da fitilun wa'azi ko na biki, da ɗan firijin mai kifin Tiga, da wayoyin da ake caji. Duk daga batir ɗaya suke sha, alhali shi tayar da inji aka yi shi dominsa, shi ya sa motar da ta wuni tana shela a Kwanar Dangora ba ta tashi da yamma sai da turi. Ƙara batir na biyu dabara ce mai kyau, amma idan aka haɗa su da waya kai tsaye, tare za su cika, tare za su mutu, kuma mai rauni zai riƙa zuƙe mai ƙarfi. Ana buƙatar na'urar da za ta haɗa su muddin inji na aiki, ta raba su da zarar an kashe. Sunanta a kasuwa aisoleta.

Iri biyu ne, kuma a tsohuwar Fijo 504 ko Hilux ta da, shawarata a ɗauki mai rile a bar mai dayod. Batir mai ruwa yana son bolt 13.8 zuwa 14.4 kafin ya cika. Dayod kuwa yana cinye kusan bolt 0.7 na wutar da ta ratsa shi. Altaneta mai ba da 14.2 sai ta isar da 13.5 kawai, kuma da yake yawancinsu a cikin jikinsu suke auna wuta, ba za ta san an yi asara a hanya ba balle ta ƙara. Batir biyun sai su zauna ba cikakken caji, farantansu su yi ta daskarewa, mai mota ya yi ta zargin mai sayar da batir. Ga shi kuma sai an yanke babbar wayar altaneta kafin a saka shi. Rile ba ya cin wuta haka, kuma ba a taɓa altaneta sam. Rile mai auna wuta da kansa yakan haɗa idan ta kai wajen 13.3, ya raba idan ta sauka wajen 12.8.

Haɗin ba shi da wuya. Daga jan kan batirin inji a sa fis, sai rile, sai waya mai kauri, wajen murabba'in milimita 16, zuwa bayan mota, sai wani fis kafin jan kan batir na biyu. Fis biyun nan wajibi ne, kowanne kada ya wuce taƙi ɗaya daga batirinsa, domin wayar tana da wuta ta kowane ɓangare, kuma gargadar hanyoyin ƙauyukan Doguwa na iya goge robarta a jikin ƙarfe. Idan gobara ta tashi, bayan mota cike da buhuna ko kara ba ya jiran a kawo ruwa. Baƙin kan batir na biyu a ɗaure shi a shasi inda aka kankare fenti da tsatsa. Lasifika, fitila da firiji duk su koma kan na biyun, kuma batir biyun su zama iri ɗaya.

Wani zai ce makunnin hannu ya fi araha. Haka ne, sai dai dogaronsa ga tunanin direba ne, kuma mantuwar dare ɗaya a bakin dajin Falgore ta isa. Wani kuma zai ce dayod ba shi da abin da ke motsi, don haka ya fi ƙarko. Wannan hujja ce ta gaske, domin bakin rile yana ƙonewa, musamman idan rewaya ya ɗauko na kik ya saka, wanda na aikin daƙiƙoƙi ne kawai. A nemi wanda aka yi don ya jima a kunne, mai ɗaukar amfa 100 ko fiye. Sauya rile bayan shekaru ya fi sayen batir biyu sauƙi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne ƙarfin altaneta. Na tsofaffin motocin nan da yawa ba su wuce amfa 40 zuwa 60 ba, kuma batirin da aka zuƙe ƙaf zai ja duk abin da take da shi har ta yi zafi, balle idan mota na tsaye inji na aiki a hankali. Don haka kada a bari na biyun ya sauka ƙasa da bolt 12, a ɗaure fambel da kyau, sannan a auna da mita: inji na aiki, batir biyun su nuna kusan 14, an kashe an kunna lasifika, na inji ya tsaya wajen 12.6. Kuma a daina cire kan batir inji na aiki don gwada caji, domin hakan na ƙona dayod ɗin altaneta kanta.